Abin da ya hana Kiristocin Nijar yanke ƙauna

A duk fadar samari da mutum ya zauna, daga Yamai har Damagaram, hirar da ake yi a bakin butar shayi kusan iri ɗaya ce: buhun shinkafa ya yi tsada, difloma tana kwance cikin akwati babu aiki, wuta ta ɗauke, abokin da ya kama hanyar Agadas har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Su ma ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, saƙonnin muryar da suke turowa gida ta WhatsApp ba su cika daɗin ji ba: aiki ya yi ƙaranci, takardu sun ƙare, ana kame. Talauci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda matasa da yawa suka fara yarda cewa gobe ma ba za ta fi yau ba.

A irin wannan lokaci akwai amfani a waiwayi wata ƙaramar al'umma da ta fi kowa dalilin karaya, wato Kiristocin Nijar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƴan ƙasa ba. Duk wahalar da ta sami sauran jama'a ta same su, daga fari da ambaliya zuwa takunkumi da ta'addanci, sannan ga wani ƙari nasu na kansu: an ƙona musu wuraren ibada, an sace musu malamai, an raba wasunsu da ƙauyukan da aka binne cibiyarsu. Duk da haka yawancinsu suna nan, suna ibada, suna aiki, suna gaisawa da maƙwabta. Idan aka tambaye su, cewa suke bangaskiyarsu ce ta riƙe su. Wannan amsa ta cancanci a saurare ta da kunnen basira, ko mai sauraro Musulmi ne ko Kirista, domin sa zuciyar da suka nuna tana da alamu uku da ake gani da ido: ba ta ɓoye zafi, ba ta neman ramuwa, kuma ba ta naɗe hannu.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu

Ranar 7 ga Janairun 2015 ƴan bindiga suka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, suka kashe mutum 12. Ranar 11 ga watan, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya shiga sahun shugabannin da suka yi tattaki a Paris. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW), abin da ya sosa ran Musulmi a duniya baki ɗaya. Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Washegari Asabar ta kama Yamai.

Fushin da aka ɗauko a kan wata jaridar Faransa sai ya sauka a kan maƙwabta da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum 10 suka rasa rayukansu. Ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kawai, ban da otal-otal, da mashaya, da gidan marayu, da makarantar Kiristoci. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci sun fake a barikin soja. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku, shugaban ƙasa ya fito ya ce masu ƙona majami'u ba su fahimci komai ba game da Musulunci, manyan malamai kuma suka hau talabijin suna kiran jama'a da a kwantar da hankali. Akwai wani abu da bai kamata tarihi ya manta ba: Musulmi da dama sun buɗe ƙofofinsu, sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Cocin Katolika ya dakatar da ibada da ayyukansa na ɗan lokaci saboda tsaro. Manyan limamansa na Yamai da Maraɗi, Michel Cartatéguy da Laurent Lompo da Ambroise Ouédraogo, suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon sabunta zumunci da ƴan'uwantaka, toka ko sanyi ba ta gama yi ba. Fastoci suka bi kafofin watsa labarai suna roƙon mabiyansu da su yafe. Ba a ga gungun samarin Kirista sun fita ɗaukar fansa ba. A lahadin da suka biyo baya, an ga mutane suna sujada a cikin kangon gine-ginen da hayaƙi ya baƙanta, wasu a ƙarƙashin rumfa, har aka sake ɗora tubali a kan tubali.

Mai shakka zai ce wannan ba wani abin yabo ba ne: wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ina ya ga ƙarfin ramuwa? Lallai tsoro yana cikin lamarin, kuma wasu sun tattara nasu ya nasu sun bar Damagaram, babu mai ganin laifinsu. Amma aikin tsoro shi ne ya sa mutum ya yi shiru, ko ya gudu, ko ya ƙulle ƙofa ya haɗiye ƙiyayya. Tsoro bai isa ya sa mutum ya sake buɗe makaranta ya karɓi ƴaƴan garin da aka ƙona shi ba. Makarantun Katolika, inda yawancin ɗalibai ƴaƴan Musulmi ne, sun sake buɗewa. A watan Yunin 2019 an sake gwada haƙurin nan a Maraɗi, lokacin da aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya bayan an kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin addini. A nan ma ba a rama ba.

Ma'anar bege a bakin mai zuwa majami'a

A Hausar yau da kullum, bege shi ne kewar masoyi, ko yabon Manzon Allah da sha'irai ke rerawa. A Hausar majami'a kuwa, wadda ta ginu tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bege na nufin sa zuciya ga alkawarin Allah. Ma'anonin biyu ba su yi nisa da juna ba: mai bege yana jiran wanda ya tabbata yana nan, ko da idonsa bai gan shi ba. Shi ya sa bege ya fi fata nauyi. Fata tana iya zama buri kawai, irin na wanda ya sayi tikitin caca. Bege yana tsaye a kan aƙida.

Tushen aƙidar a wurin Kirista shi ne labarin Yesu Almasihu: an ci amanarsa, an yi masa shari'ar zalunci, an gicciye shi ranar Juma'a, ya tashi ranar Lahadi. Musulunci yana da nasa bayani dabam game da Annabi Isa (AS), kuma bambancin sananne ne ga kowa. Sai dai duk mai son ya gane dalilin da ya sa uwar da aka kora daga ƙauyenta take iya rera waƙa ranar Lahadi, dole ya san abin da ta yi imani da shi. A wurinta, Allah ya san ɗacin wahala daga ciki, kuma rana mafi muni ba ita ce ta ƙarshe ba. Saboda haka idan masifa ta sauka, ba ta ɗaukar ta a matsayin shaidar cewa Allah ya juya mata baya.

Labarin Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duka suka san haƙurinsa, yana da wani ɓangare da ake yawan karantawa a majami'u lokacin makoki. A Littafi Mai Tsarki, Ayuba ya rasa dukiya, ya rasa ƴaƴa goma, ya rasa lafiya. Abokansa suka zo ta'aziyya suka ɓige da tuhumarsa, suna cewa ruwa ba ya tsami banza, lallai akwai zunubin da ya ɓoye. Ayuba bai yi shiru ba. Ya yi kuka, ya yi ƙorafi, har ya yi da-na-sanin ranar da aka haife shi. A ƙarshen littafin, abokan ne Allah ya tsawata wa. Haka ma Zabura: waƙoƙinta da yawa kukan mutumin da ke cikin ƙunci ne, yana tambayar Ubangijinsa yaushe sauƙi zai zo.

Wannan koyarwa tana da amfani a al'ummar da ake tarbiyyar yaro a kan cewa namiji ba ya kuka. Saurayi nawa ne ya haɗiye baƙin cikinsa saboda kada a ce ya yi raki, daga baya ya nemi sauƙi a tramol? Mutumin da aka koya masa cewa zai iya kai kukansa gaban Allah ba tare da an kira shi mai raunin imani ba, ya sami wurin sauke kaya. Wanda ya sauke kaya kuwa yana iya miƙewa gobe.

Kwana 752 a hannun ƴan bindiga

Daren 17 ga Satumban 2018, ƴan bindiga a kan babura suka shiga ƙauyen Bomoanga, a yankin Makalondi kusa da iyakar Burkina Faso, suka tafi da Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya wanda ya shekara 11 yana zaune cikin Gurmawa. Aka ratsa da shi Burkina, aka kai shi hamadar arewacin Mali. Sai ranar 8 ga Oktoban 2020 ya shaƙi iskar ƴanci, tare da ɗan siyasar Mali Soumaïla Cissé, da Bafaranshiya Sophie Pétronin, da wani ɗan ƙasarsu. Kwana 752 ke nan.

Abin da ya ba da labari bayan fitowarsa ba labarin jarumin fim ba ne. An ɗaure shi da sarƙa a ƙafa. Ba shi da Littafi Mai Tsarki, ba shi da wurin ibada. Ya ƙulla carbi da ƙyalle, da shi yake addu'a safe da yamma. Ya faɗa da bakinsa cewa ya zubar da hawaye, ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi, kuma ya daɗe bai ji amsa ba. Amma ya ce ya fito babu ƙiyayya a zuciyarsa, ya yafe, domin masu gadinsa samari ne da aka cusa wa gurguwar aƙida. Mutumin da ya yi shekara biyu da sarƙa a ƙafa, idan ya ce ya yafe, maganarsa ta fi ta mai wa'azi a kan kujera nauyi.

Kada a ɗauka cewa duk mai bege yana komawa gida. Béatrice Stöckli, ƴar mishan ƴar ƙasar Suwizalan da aka sace a Tumbuktu a 2016, ba ta dawo ba. A watan Oktoban 2020 gwamnatin ƙasarta ta sanar da cewa an kashe ta. Jeffery Woodke, Ba'amurken da aka sace a Abalak a watan Oktoban 2016, sai a watan Maris na 2023 aka sako shi, kuma an kashe mutum biyu masu tsaron gidansa a daren da aka ɗauke shi. Bangaskiyar Kirista ba ta yi wa kowa alkawarin cewa harsashi zai kauce masa ba. Abin da ta yi alkawari shi ne mugunta ba ita ke da maganar ƙarshe ba.

Waɗannan Turawa ne, suna da ofishin jakadanci da jaridun da ke bin labarinsu. Gurmawan da Maccalli ya bari a baya ba su da ko ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun bar gonakinsu sun koma Makalondi, Torodi ko Yamai, majami'un ƙauyuka da dama sun rufe, amma inda suka sami kansu suna taruwa su yi addu'a, sau da yawa ba tare da limami ba. Ta'addancin da ya kore su bai bar Musulmi ba: ranar 21 ga Maris na 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita, a gundumar Kokoru, lokacin sallar Juma'a. Hawayen Bomoanga da na Fambita ɗanɗanonsu ɗaya.

Begen da ke riƙe da fartanya

Alama ta uku ita ce ta fi shafar matashin da ke neman abin yi. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a jihar Tawa, garin da albasarsa ta yi suna har ƙetare. Har yau marasa lafiya na zuwa can daga sassan Nijar da arewacin Nijeriya. A Danja, kudu da Maraɗi, cibiyar da aka kafa domin masu cutar kuturta, a zamanin da dangi ma ke gudun su, ta ƙara da sashen gyaran matan da ke fama da yoyon fitsari a 2012. Ƙungiyar CADEV ta Katolika tana cikin masu kai ɗauki duk lokacin da yunwa ko ambaliya ta afka, irin ta 2024 da ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi sama da miliyan ɗaya, Maraɗi na kan gaba wajen asarar rayuka. A watan Agustan 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi tana barazanar turo soja bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan limaman Katolika na Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka fito fili suka ce ba su yarda da yaƙi ba.

Misalin da ya fi fitowa fili yana cikin gonakin Maraɗi. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi tare da SIM a farkon shekarun 1980 domin dashen itatuwa. Yawancin abin da ya dasa ya mutu: rana ta ƙone, iska ta binne, awaki sun cinye. A 1983, kamar yadda ya sha faɗa, ya kai matuƙar karaya. Ya tsaya a kan hanya yana rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke sarewa lokacin sassabe. Da ya duba da kyau, ya gane toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi reshe mafi ƙarfi, a rage sauran, a kare shi.

Manoma ba su karɓi shawarar nan take ba. Sai da yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El-Buhari, ta zo, aka haɗa rabon abinci da barin itace a gona. Da aka daina rabon, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga amfanin: itacen girki a kusa, abincin dabbobi, kariya daga iska, ƙasa mai taushi. Manomi ya gaya wa manomi, har abin ya zama sassabin zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Gaskiya ita ce manoman Nijar ne suka yi wannan aiki da hannunsu, kusan dukansu Musulmi, kuma a wurare da yawa, musamman inda gawo ya yi yawa a kudancin Damagaram, dabarar kakanninsu ce suka farfaɗo da ita. Amma rabon Rinaudo a ciki ya nuna yadda addu'a take aiki a wurin mai bege na gaskiya. Addu'arsa ba ta saukar da ruwan sama ba, ba ta kawo kuɗi daga waje ba. Ta hana shi tattara kaya ya koma gida, ta sa ya sake duba ƙasar da ya riga ya yanke mata hukunci. Littafin Ayuba ma ya kawo misalin itacen da aka sare, wanda ke sake tohowa idan saiwarsa ta sami damshi. Kalgo da sabara da magarya sun gaskata misalin a gonakin Maraɗi.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai suka iri uku da ake yi wa irin wannan magana, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya.

Na farko, ana cewa addini maganin barci ne, masu mulki suna son talaka mai haƙuri domin ba ya tambaya. Haɗarin yana nan. Haƙuri iri biyu ne: akwai na mai dafa dutse, wanda ke ta iza wuta har ya sha romo, akwai kuma na wanda ya zauna yana jiran dutsen ya dafa kansa. Yafiyar da Kiristoci suka yi a 2015 tsakaninsu ce da Ubangijinsu da maƙwabtansu. Ba ta sauke wa hukuma nauyin kare majami'a kamar yadda take kare masallaci ba, ba ta kuma goge laifin wanda ya cinna wuta ba. Duk jami'in da ya fake da cewa ai sun yafe domin ya ƙi yin aikinsa, ya ci amanar yafiyar. Su ma shugabannin majami'u, wa'azin haƙuri ba zai wadatar ba idan ba su tsaya sun nemi haƙƙin mabiyansu da ke gudun hijira ba.

Na biyu, akwai ƴan kasuwar mu'ujiza. Wayoyin matasa cike suke da bidiyon masu wa'azi da ke sayar da mai da ruwa da ƙyalle, suna alkawarin biza, aure da arziki cikin kwana bakwai ga wanda ya ba da baiko mai tsoka. Takwarorinsu suna nan a ɗaya ɓangaren, masu karɓar kuɗin ɗan ci-rani su ba shi laya da sunan ba za a kama shi a hanya ba. Gane su ba shi da wuya. Wa ke ƙara ƙiba, mai wa'azin ko mabiyansa? Idan alkawarin bai cika ba, wa ake ɗora wa laifi? Duk wanda ya ce wa matalauci talaucinsa shaidar raunin bangaskiyarsa ne, maganar abokan Ayuba yake maimaitawa. Begen da ya riƙe Maccalli a hamada bai ci ko dala ba.

Na uku, ana zargin cewa asibiti da makaranta tarko ne na jawo mutane su bar addininsu. Ƴan mishan ba su taɓa ɓoye cewa wa'azi na cikin abin da ya kawo su ba, kuma tarihinsu yana da nasa kurakurai. Sai dai lissafi yana magana: sama da shekara 70 ana jinya a Galmi, mutanen yankin suna nan a Musuluncinsu, asibitin kuma bai rufe ba. Da riba ta adadin mabiya ake nema, da tuni an kulle ƙofa.

Abin da matashi da ɗan ci-rani za su ɗauka

Babu wanda ake kira ya sauya addini. Musulmi yana da taskarsa ta haƙuri da tawakkali da kyautata zato ga Allah, kuma yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji abin hani ne a addinan biyu. Amma maƙwabci madubi ne. Ganin yadda wanda ya fi ka ƙarancin gata ya riƙe nasa yana iya tuna maka abin da ka ajiye a naka.

Ɗan ci-rani ya fi kowa cancantar fahimtar Kiristan Nijar, domin shi ma ya ɗanɗani zama tsiraru. Wanda aka tare a titin Aljeriya saboda launin fatarsa, aka jibge shi a hamada ya tako da ƙafa zuwa Asamaka, ko wanda ake yi wa kallon tuhuma a Turai saboda sunansa, ya san yadda ake ji idan aka hukunta mutum a kan laifin da bai aikata ba. Abin da ya riƙe Kiristocin nan bai tsaya ga abin da ke cikin zuciyar kowannensu ba. Taron Lahadi, zumuntar mata, ƙungiyar mawaƙa, ziyarar mara lafiya, karo-karon biyan kuɗin makarantar maraya, su ne igiyoyin da suka hana jinka faɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar ta. Wanda ke waje ya nemi jama'arsa, a masallaci ko a majami'a ko a ƙungiyar ƴan gari. Kada kunyar rashin abin aikowa ta sa ya kashe waya ya ɓace wa iyayensa. Uwa ta fi bukatar jin muryar ɗanta a kan jika goma.

Wanda ke gida kuma, fushinsa yana da dalili, amma ya dubi inda yake sauke shi. Yawancin waɗanda suka riƙe galan ɗin fetur a Janairun 2015 samari ne. Washegari sun wayi gari da talaucinsu yadda yake, jaridar Paris ba ta rasa ko takarda ɗaya ba, sai maƙwabcinsu ne ya rasa wurin ibada. A yau yawancinsu magidanta ne, kuma abin da za su gaya wa ƴaƴansu game da waɗancan ranaku zai yi tasiri a kan ko za a sake ganin irinsu. Sannan ya tambayi kansa irin tambayar da aka yi a gonakin Maraɗi: me ya rage da rai a ƙarƙashin ƙasa? Sana'ar hannu da aka raina, gonar gado da aka bari, karatun da aka katse, abokai biyar da za su iya haɗa jari. Ba kowane kututture ke tohowa ba, amma wanda bai sunkuya ya duba ba, ba zai san wanne ne mai rai ba.

Sauran nauyin yana kan hukumomi, da sarakunan gargajiya, da malaman addinan biyu. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ke jihohi suna bukatar a ba su ƙarfi tun kafin wuta ta tashi. Ƴan gudun hijirar Makalondi da na Kokoru suna bukatar tsaro iri ɗaya domin su koma gonakinsu. Kiristocin Nijar sun yi nasu: an ƙona, sun yafe, sun sake gini, sun ci gaba da jinyar marasa lafiyar kowa. Ba daidai ba ne a ci gaba da gwada iyakar haƙurinsu. Ƙasar da ƴan tsirarunta ke barci da ido biyu a rufe, ita ce ƙasar da kowa zai iya sa zuciya a cikinta.